Yadda Ake Zaɓar Giya a Motar Gudu: Manuwal ko Atomatik

Akwai zamanin da wannan tambaya ba ta buƙatar dogon nazari. Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, wanda ya sayi motar gudu mai giyar atomatik ya san abin da ya haƙura da shi: motar ta fi nauyi, ta fi shan mai, giyoyinta ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma idan aka taka mata totur sai ta yi jim kamar mai neman shawara kafin ta amsa. Yanzu reshe ya juye da mujiya. A kusan duk motar da ake sayarwa da nau'in giya biyu, atomatik ce ke riga manuwal kai wa gudun kilomita 100 a awa, kuma kamfanonin Ferrari da Lamborghini da McLaren sun daɗe ba su sa mota mai kuloci a ƙafa cikin jerin motocinsu ba. Duk da haka masu saye ba su bari manuwal ta mutu ba. Lokacin da kamfanin Porsche ya fito da 911 GT3 a shekarar 2013 babu manuwal, ƙorafi ya yi yawa, har ya ƙera 911 R guda 991 masu giyar manuwal a 2016, sannan a 2017 ya mayar wa GT3 giyar da aka cire mata.

Ke nan batun wace ce ta fi sauri an riga an gama shi. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya gano irin aikin da yake so hannunsa da ƙafarsa su riƙa yi a cikin motar, da irin hanyar da motar za ta yi yawancin rayuwarta a kai.

Mataki na farko: ka gano wace atomatik ake nufi

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukar duk motar da ba ta da kuloci a ƙafa a matsayin abu ɗaya. A motocin gudu akwai nau'i uku, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya kai wanda ke tsakanin kowannensu da manuwal.

Na farko shi ne atomatik na asali mai kwanbata. Kwanbata wata ƙwarya ce ta ƙarfe cike da mai wadda ke tsakanin inji da giyabos. Inji yana juya wata farfela, farfelar tana tura mai, man kuma yana juya farfela ta biyu da ke haɗe da giya. Saboda mai ne ke ɗaukar ƙarfin a lokacin tashi, motar tana tashi a hankali ba tare da karkarwa ba, kuma tana iya jan ciki a cunkoso na tsawon awanni ba abin da ya ci ta. Tsohon aibinsa shi ne ƙarfin inji yana zurarewa a cikin man, amma na zamani yana da kuloci a ciki wanda ke kulle farfelun biyu wuri ɗaya da zarar mota ta fara tafiya. Wanda ya fi shahara shi ne mai giya takwas na kamfanin ZF na Jamus, wanda ake kira 8HP, kuma yana cikin Toyota GR Supra da Alfa Romeo Giulia Quadrifoglio da Jaguar F-Type. Ya yi kyau har sashen M na BMW, mai ƙera motocinsa na gudu, ya bar giya mai kuloci biyu ya koma masa a M5 ta 2017 da M3 ta 2020. A Amurka kuma Ford da General Motors sun haɗa hannu sun ƙera mai giya goma, wanda ke cikin Mustang da Camaro.

Na biyu shi ne mai kuloci biyu, wanda Volkswagen ke kira DSG, Porsche kuma PDK. A cikinsa tamkar giyabos biyu ne na manuwal a gida ɗaya: ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 7, ɗayan kuma ta 2 da ta 4 da ta 6, kowanne da nasa kuloci. Yayin da kake tafiya a giya ta uku, kwamfuta ta riga ta shigar da ta huɗu a ɗaya ɓangaren tana jira, sai kawai kuloci ɗaya ya saki ɗayan ya kama, ƙarfin inji bai yanke ba. Porsche ya gwada shi a motocin tsere na 956 da 962 tun shekarun 1980, amma sai a 2003 ya shigo motar kasuwa a cikin Golf R32. Nissan GT-R ta 2007 da Ferrari 458 ta 2009 da Corvette ta 2020 duk da shi kaɗai suka fito. Rauninsa yana bayyana ne a wurin da ba a zata ba, wato a tafiyar hawainiya: idan mota tana jan ciki, kulocin yana zamewa kamar na direban da ya ɗora ƙafa rabi, sai ya yi zafi. Wanda kulocinsa ke cikin mai ya fi jure wannan a kan busasshe, kuma ya fi ɗaukar ƙarfi. Haka nan idan kwamfutar ta yi zaton za ka hau giya alhali kai sauka kake so, za ka ji ɗan jinkiri.

Na uku shi ne manuwal da aka sa wa na'ura ta riƙa taka masa kuloci, kuma shi ne ya fi yaudarar masu sayen tsofaffin motoci. A motocin gudu, asalinsa daga tseren Formula 1 ne: Ferrari ya fara amfani da shi a 1989, kuma Nigel Mansell ya ci tseren Burazil da shi a fitowarsa ta farko. A 1997 ya shigo Ferrari F355, BMW ma ya kawo nasa mai suna SMG, Lamborghini e-gear, Audi R8 kuma R tronic. Kuloci ɗaya ne, don haka dole ƙarfi ya yanke a kowane canji, sai kan direba ya yi gaba ya dawo. Idan ana gudu sosai yana da daɗi da tsauri. A cikin gari kuwa yana da wahala, kuma yana cin kuloci. Lamborghini ya riƙe shi a Aventador har ƙarshen ƙirarta, amma yawancin sauran kamfanonin sun bar shi tuntuni.

Saboda haka kafin komai, ka nemi sunan giyabos ɗin da ke cikin motar da shekarar ƙirarta. Maɓallan canja giya da ke bayan sitiyari ba za su gaya maka komai ba, domin dukkan nau'o'in uku suna da su.

Mataki na biyu: ka rubuta inda motar za ta yi rayuwarta

Ka ɗauki takarda ka kasa tafiyarka ta wata guda kashi huɗu: cunkoson gari, doguwar hanya miƙaƙƙiya, hanya mai kwana-kwana da hawa da gangara, da filin tsere idan har kana zuwa. Ka rubuta awannin da kake yi a kowanne a zahiri, domin yawancin masu sayen motar gudu suna zaɓa ne da tunanin tafiyar da suke yi sau uku a shekara, su manta da wadda suke yi kullum.

Idan fiye da rabin lokacinka a cunkoso yake, atomatik mai kwanbata ce ta fi dacewa, sai mai kuloci biyu na cikin mai ya biyo baya. Kulocin mota mai ƙarfin doki 400 ko 500 ya fi na ƙaramar mota tauri, kuma taka shi sau ɗari biyu kafin ka isa wurin aiki yana mayar da abin sha'awa ya zama aikin gajiya. A doguwar hanya miƙaƙƙiya bambancin kaɗan ne, sai dai giya ta takwas ko ta goma tana sauke juyin inji ƙasa, ƙara ta ragu, mai ma ya ragu.

A hanya mai kwana-kwana ne manuwal take biyan kuɗinta. Nan ne direba ke zaɓar giya tun kafin ya shiga kwana, ya daidaita juyin inji da ƙafarsa, ya ji nauyin motar yana komawa gaba da baya bisa abin da shi ya yi. Amma akwai sharaɗi da ba a cika faɗa ba: dole motar ta kasance tana buƙatar canjin giya a gudun da doka ta yarda da shi. Porsche Cayman GT4 mai manuwal tana haura kilomita 130 a awa a giya ta biyu, wanda ke nufin a hanyar jama'a za ka iya shafe awa guda kana tsakanin ta biyu da ta uku. Mazda MX-5, wadda nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba kuma injinta ƙarami ne, tana sa hannunka aiki a kowace kwana. A ganina, gwargwadon yadda mota take ƙarama kuma mara nauyi, gwargwadon yadda manuwal ke ƙara mata armashi. Gwargwadon ƙarfinta kuma, gwargwadon yadda hujjar manuwal ke raguwa.

Filin tsere ya rabu biyu. Mai neman rage sakan a kowane zagaye ya ɗauki mai kuloci biyu, domin hannayensa biyu suna kan sitiyari koyaushe, yana iya canja giya a tsakiyar kwana ba tare da motar ta girgiza ba, kuma yana iya taka birki da ƙafar hagu. Wannan ne ya sa 911 GT3 RS ta yanzu ba ta zuwa da manuwal ko kaɗan. Mai zuwa don koyon tuƙi da jin daɗi kuwa, ba ruwansa da agogo.

Mataki na uku: ka karanta alƙaluman kamfani da idon basira

Misalin 911 GT3 ta 2021 ya isa ya nuna girman bambancin. Mai PDK tana kai wa kilomita 100 a awa cikin sakan 3.4, mai manuwal kuma 3.9. Manuwal ɗin ta fi sauƙi da kilo 17, kuma ƙarshen gudunta ya ɗara na PDK da kilomita biyu, 320 a kan 318. Rabin sakan abu ne babba a takarda, amma ka tambayi kanka daga ina ya fito. Mafi yawansa daga tashi ne: atomatik tana da tsarin da kwamfuta ke riƙe juyin inji a daidai wurin da taya za ta kama ƙasa, sai ta saki, kuma kowa zai iya maimaita wannan sau goma. Alƙalamin manuwal kuwa ƙwararren direban gwaji ne ya samo shi, ta hanyar sakin kuloci da ƙarfin da kai ba za ka so ka yi wa motarka ba. A hannun direba na yau da kullum tazarar ta fi rabin sakan.

Abu na biyu da za ka duba shi ne ko injin iri ɗaya ne a nau'o'in biyu, domin sau da yawa ba haka ba ne. BMW M3 ta 2020 mai manuwal tana da ƙarfin doki 480 da ƙarfin murɗawa 550 Nm, alhali M3 Competition mai doki 510 da 650 Nm atomatik ce kawai, haka ma wadda ke ja da tayoyi huɗu. Kowane giyabos yana da iyakar ƙarfin murɗawa da zai iya ɗauka, kuma kamfanoni ba sa son kashe kuɗin ƙera sabuwar manuwal saboda masu saye 'yan kaɗan. Don haka zaɓen manuwal wani lokaci yana nufin zaɓen ƙaramin inji.

Wannan iyaka ta shafi duk mai niyyar ƙara wa injinsa ƙarfi daga baya. A manuwal, kuloci ne ke fara zamewa, kuma sauya shi da mai ƙarfi aiki ne sananne. A mai kuloci biyu sai an taɓa manhajar giya, wani lokaci har da faifan kulocin ciki. DSG busasshe mai giya bakwai, alal misali, an ƙera shi ne don 250 Nm, kuma wanda ya ɗora masa fiye da haka ya san da wa zai yi kuka.

Mataki na huɗu: ka tabbatar motar ma tana ba ka zaɓi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Honda Civic Type R manuwal ce kawai. Corvette ta yanzu da Nissan GT-R da Shelby GT500 ta 2020 atomatik ne kawai. Toyota ya ƙara wa GR Supra manuwal a 2022, ya kuma ƙara wa GR Yaris atomatik a 2024, Volkswagen kuma ya cire manuwal daga Golf GTI a 2024. Motocin da ke haɗa fetur da lantarki kusan dukkansu atomatik ne, tun da a yawancinsu injin lantarkin a cikin giyabos yake zaune. Idan zuciyarka ta riga ta tsaya kan mota guda, mai yiwuwa kamfanin ya riga ya yanke maka hukunci.

Mataki na biyar: ka auna kanka da gaskiya

Iya tuƙa manuwal a ƙaramar mota daban, iya sarrafa ta a mota mai ƙarfi daban. Haɗarin da ya fi girma shi ne kuskuren giya a lokacin gudu: kana giya ta biyar kana son ta huɗu, hannu ya kauce ya shiga ta biyu, ka saki kuloci. A wannan lokacin tayoyi ne ke juya inji, ba mai ba, don haka na'urar da ke hana inji wuce iyakar juyinsa ba ta da abin yi. Bawul ya gamu da fistin, kuma cikin sakan ɗaya inji ya tashi aiki. Atomatik ba ta yarda da wannan. Idan ka nemi giyar da za ta wuce iyaka, sai ta ƙi kawai.

Haɗari na biyu shi ne saukar da giya ba tare da ɗaga juyin inji ba. A motar da ke ja da tayoyin baya, musamman a jiƙaƙƙiyar hanya, hakan na iya sa tayoyin baya su ɗan kulle, bayan motar ya zame. Maganinsa na da shi ne dabarar taka birki da yatsun ƙafar dama tare da ɗan taɓa totur da gefen ƙafar, wadda ke buƙatar watanni ana koyo. Tun daga Nissan 370Z ta 2009 aka fara sa na'urar da ke yin wannan da kanta, kuma yanzu yawancin manuwal na motocin gudu suna da ita. Ga sabon shiga wannan babban taimako ne. Ka tambaya kawai ko ana iya kashe ta ita kaɗai, domin a wasu motocin sai ka kashe na'urar hana zamewa gaba ɗaya kafin ta kashu, wanda bai dace da mai koyo ba.

Sai batun jiki da na gida. Mai ciwon gwiwar hagu ko ƙugu ko baya kada ya yaudari kansa. Ka kuma duba wa zai riƙa tuƙa motar bayan kai, da abin da lasisinsa ya ba shi dama: a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da atomatik ana taƙaita lasisinsa ga atomatik.

Mataki na shida: ka tuƙa duka biyun, a rana ɗaya, a hanya ɗaya

Zagayen minti goma da mai sayarwa ke so ka yi bai isa ba. Ka nemi aƙalla minti arba'in ga kowacce, ka fara da injin a sanyi, ka kuma kashe rediyo.

A manuwal, fara da tsaye. Ka taka kuloci har ƙasa ka ga ko ƙafarka ta kai ba tare da ka miƙe daga kujera ba, ka duba ko sandar giya tana daidai inda hannunka ke sauka daga sitiyari, ka kuma gwada ko ƙafar dama za ta iya taɓa birki da totur a lokaci ɗaya. Sannan ka saki kuloci a hankali ba tare da totur ba don ka gano inda yake kamawa; kuloci mai kyau yana sanar da ƙafa, marar kyau kuwa sai dai ka ji mota ta zabura. A kan hanya ka lura da abin da inji ke yi idan ka ɗaga ƙafa daga totur don canja giya. A motocin zamani da yawa juyin yana rataye na ɗan lokaci kafin ya sauka, saboda dokokin hayaƙi, kuma wannan yana hana canji fita sumul. Ba kowace manuwal ce ke da daɗi ba. Akwai wadda sandarta take kamar ana juya cokali a cikin roba, kuma atomatik mai kyau ta fi irin wannan nesa ba kusa ba.

A atomatik, fara da abin da ta fi rauni a kai. Ka ja ciki a hankali kamar a cunkoso, ka yi ribas a kan hawa, ka shiga matsattsen wurin ajiye mota. Mai kuloci biyu ko mai kuloci ɗaya nan ne yake tona asirinsa. Daga nan ka gwada wannan: ka rage gudu kamar za ka tsaya a shataletale, sai ka taka totur kwatsam kafin motar ta tsaya, ka ƙirga tsawon jinkirin. Bayan haka ka mayar da ita yanayin canji da hannu, ka duba abu uku. Shin tana amsawa nan take idan ka ja maɓalli? Shin tana riƙe giyar da ka zaɓa har iyakar juyi, ko tana hawa da kanta? Shin tana saukar da giya da kanta idan ka danne totur har ƙasa? Wadda ke hawa da sauka da kanta alhali ka ce ka karɓi ragama ba za ta gamsar da mai son tuƙi ba, komai yawan giyoyinta.

Idan ka sauka daga ta biyun, kada ka yanke hukunci a wurin. Ka kwana, ka ga wadda ka farka kana son komawa cikinta.

Mataki na bakwai: ka yi lissafin kula da gyara

Manuwal ita ce mafi sauƙin gini: ba ta da kwamfutar kanta, man da take sha kaɗan ne, kusan kowane makanike ya san cikinta, kuma idan batir ya mutu ana iya tura ta ta tashi. Kuɗinta na zuwa ne a dunƙule ranar da kuloci ya ƙare, domin sai an sauke giyabos, kuma sau da yawa sai an haɗa da babban faifan inji mai ɓari biyu wanda kulocin ke kamawa. Tsawon ran kuloci a ƙafar direba yake. Wani zai kai shi shekaru goma, wani ya ƙone shi a shekara ɗaya.

Mai kuloci biyu na cikin mai yana son a canja masa mai da filta a kan kari. Ga DSG mai giya shida, Volkswagen ya sa kilomita 60,000. Abin da ya fi tsada a cikinsa shi ne akwatin da ya haɗa kwamfuta da bawulolin mai, kuma gyaransa sai mai na'urar bincike da ta dace da motar. Mai kwanbata ya fi kowanne haƙuri, amma kada ka ruɗu da kalmar da wasu kamfanonin mota ke rubutawa cewa mansa na har abada ne, domin ZF da kansa yana ba da shawarar a canja shi, musamman a motar da ake matsa wa. Zafi shi ne babban abokin gabar kowace atomatik. Idan za ka riƙa shiga filin tsere, ka tabbatar motar tana da na'urar sanyaya man giya, in ba haka ba bayan 'yan zagaye kwamfuta za ta rage ƙarfi don ta kare kanta. Kafin ka saya, ka tabbatar akwai wanda ya iya gyaran wannan giyabos ɗin a inda za ka iya kai masa motar.

Mataki na takwas: idan motar an riga an yi amfani da ita

A nan bincike ya fi zaɓi muhimmanci. A manuwal, ka sa giya ta huɗu ko ta biyar a ƙaramin gudu ka danne totur: idan juyin inji ya tashi amma gudu bai ƙaru daidai da shi ba, kuloci yana zamewa. Ka canja da sauri daga ta ɗaya zuwa ta biyu, da ta biyu zuwa ta uku, a sanyi da kuma bayan ta yi zafi. Ƙarar gurzar haƙora na nufin zobban da ke daidaita gudun giya sun ci. Ka ɗaga ƙafa daga totur kwatsam a kowace giya ka ga ko sandar za ta fita da kanta. Mafi muhimmanci, ka sa a karanta kwamfutar inji. Motocin Porsche suna ajiye tarihin duk lokacin da inji ya wuce iyakar juyinsa a matakai shida, kuma lamba a manyan matakan shaida ce cewa wani ya taɓa kuskuren giyar da aka bayyana a sama.

A mai kuloci biyu, ka tuƙa ta minti ashirin ta yi zafi kafin ka gwada tashi a hankali, domin karkarwa ba ta cika fitowa a sanyi ba, kuma ka nemi takardar da ke nuna an canja mai. A mai kwanbata ka saurari bugu idan aka sa D ko R, ka kuma lura ko juyin inji na tsalle tsakanin giya da giya. A mai kuloci ɗaya irin na Ferrari ko Lamborghini, na'urar bincike tana nuna kashi nawa cikin ɗari na kuloci ya ci, kuma bai kamata a yi ciniki ba sai an ga wannan lambar, tare da duba famfon mai da ke taka kulocin.

Batun sayarwa daga baya yana da fuska biyu. A motocin da masu tarawa ke nema, manuwal ta fi riƙe daraja: Ferrari F430 da 599 masu manuwal, waɗanda kaɗan aka ƙera, suna tsada fiye da 'yan uwansu masu na'ura nesa, kuma masu BMW M3 ta farkon shekarun 2000 da yawa suna biyan kuɗi a cire musu SMG a mayar da kuloci ƙafa. A babbar mota mai ƙofa huɗu da ake hawa kullum kuwa, masu neman atomatik sun fi yawa, kuma manuwal na iya daɗewa ba ta sami mai saye ba. Idan aka kawo maka motar da aka sauya wa giya daga na'ura zuwa manuwal, ka nemi sanin wanda ya yi aikin da kayan da aka sa, ka tabbatar an gyara manhajar inji ta san da sauyin, sannan ka biya kuɗin motar da aka sauya, ba kuɗin wadda ta fito daga kamfani a haka ba.